Amfilifayar Kawu da Sauti na Bakwai

Ana sallame sallar asuba munka bar Yelwa, ni da wani abokina bisa babur ɗinshi, jakata cike da mita, sukuddireba, sifirit da tsohon buroshi. Wara munka nufa, wurin ƙanen Innata. Masunci ne, amma shi ka kaɗa jita wurin bukukuwan garuruwan bakin ruwa. Amfilifayarshi, na'urar ƙara sautin jitar, ce ta tsaya, ga shi an ɗauke shi biki ranar Juma'a.

Ku da kuke bina a shafin nan kun san ban shiga makarantar gyara ba, a waya na koya. Irin wagga na'ura tana da ƙwaƙwalwa, kana haɗa sauti ka aje shi ƙarƙashin lamba. Lamba bakwai ta cikin ta Kawu, marigayi yayansu ne ya haɗa ta, har jita ta koma kamar gurmi. Don wannan sautin ake kiran Kawu, kuma shi bai san yadda anka haɗa shi ba.

Hanya dai sai haƙuri. Ruwan sama ya cinye gefenta, gonakin shinkafa sun sha ruwa har wuya. A Ngaski munka tsaya shan kunu. Ƙosai ya ƙanƙance ƙwarai, abokina ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa, ta ce ya je ya tambayi masu wake.

Da hantsi munka iso. Kawu ya ce suna dawowa daga tsallake igiyar ruwa ta watso cikin jirgi ta jiƙa amfilifayar. Matarshi kuma, don tausayi, ta ɗora ta bisa ragar bandar kifi ta bushe, yadda suke yi wa duk abin da ya jiƙe. Kwana biyu tana shan hayaƙi tare da tarwaɗa.

Na kunna, allon ya kawo haske ya daskare, sifika na gurnani. Na canza waya, na auna wutar janareta, na duba fis, duk lafiya lau. Da na kwance bayanta sai ƙamshin banda ya buge ni, fanel ya yi baƙi, maiƙo ko'ina. Na goge da sifirit a hankali, na shanya a inuwa, munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi muna jira. Gurnani ya tafi. Allon ko bai motsa ba.

Saura abu guda: a danne maɓalli biyu a kunna, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Na gaya mishi gaskiya, in na yi haka za ta iya tashi, amma duk abin da anka aje ciki zai goge.

"Har bakwai?"

"Har ita, Kawu."

Ya dubi tabki. Ya ce ya riga ya yi wa mutane alkawali, kuma ba a kaɗa wa amarya mataccen akwati. "Danna, ɗana."

Na danna, ta tashi. Ya murɗa zuwa bakwai ya taɓa jita, sai wata ƙara mai tsaga kunne ta fito, kaji sunka watse. Babu wanda ya yi dariya. Har la'asar ina murɗe-murɗe, in rage nan in ƙara can, shi yana saurare ido rufe. Daga ƙarshe ya ce na yi ƙoƙari, sautin ya yi kusa. Ya jingine jitar ya tafi duba komarshi.

Munka kamo hanyar gida. Abin da ke cina, da sallar bara na yini ina wasa da na'urar nan, lambobin sautin na gabana, ban kwafe su ko a bayan kwali ba. Don Allah duk mai irin wagga amfilifaya ya rubuta saitinshi tun tana lafiya, mai gyara ba ya maido abin da ya goge.

Da na shiga gida Inna ta tambaye ni ko ta gyaru, na ce ta tashi. Ta yi hamdala, ta ce to za ta je bikin Juma'a, ta daɗe ba ta ji sautin marigayi Yaya ba. Har yanzu ban gaya mata ba.