Allurar Ƙiba Ta Ci Muryata

A shekarun casa'in ni budurwa ce a Kachalla Sembe, siririya kamar tsinke, amma Allah ya ba ni murya. Duk walimar da Islamiyyarmu za ta yi a Jalingo, ni ake miƙa wa lasifika. Sai dai tsokanar ƙawaye ta ishe ni, kullum wai iska za ta ɗauke ni. Haka na bi wata ƙawata kasuwar Iware, wurin wani mai teburin magani da ake cewa allurarsa na sa mace ta cika. Ya rantse mini ba ta da illa, ni kuma uwar wauta na miƙa hannu, na yi ta komawa.

Na cika kam. Bayan ƙibar sai ƙuraje suka rufe mini fuska, al'adata ta ɗauke, gashi ya tsiro a haɓata, muryata ta fara kaushi. Ranar wata walima na buɗe baki, yara suka fashe da dariya suna leƙen wane ƙato ne ya shigo cikin mata. A asibiti likita ta ce sinadarin maza aka yi ta ɗura mini, al'ada za ta iya dawowa, amma in cire rai da murya. Na koma wurin mutumin ina kuka. Ya yi dariya, ya ce ai mace mai gemu arziki take yi, in gode masa.

To, na gode masa yadda ya dace. Na daina tuge gashin, na sayi tiren gyaɗa, duk ranar kasuwa sai in zauna dab da teburinsa. Yarinya na matsowa sai in ja mayafi baya, in gaishe ta da muryar nan, in ce mata ni ma nan na fara. Ya zage ni, ya roƙe ni, ya turo dattawa, ban motsa ba. Ranar da ya naɗe tabarmarsa ya bar Iware, na ci tuwo har da ƙari. Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba.

'Yan'uwana mata, kada ku miƙa jikinku ga allurar da ba likita ya rubuta ba, kuma in kun ga irin waɗannan alamu ku nufi asibiti da wuri. Na kore shi, amma ban karɓo komai ba. Har yau in na yi sallama a ƙofar gida, sai in ji mata na cewa a dakata, maigidan ba ya nan.