Kawu Sale da Gidan Dutse

Duk wanda ya san Kawu Sale a Doka ya san bokitin farar ƙasarsa. Tunda ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka bai yarda ya ajiye buroshi ba. Duwatsun bakin hanya, gindin darbejiya, tsohuwar taya, duk sun sha shafa. Mu 'ya'yan ƙannensa mun san ƙa'ida: in za ka gaishe shi, gaishe shi kana tafiya, don in ka daɗe a tsaye kai ma sai ya shafe ka zuwa gwiwa.

To wannan mutumin Allah ya haɗa ni aiki da shi a kan Gidan Dutse, tsohon masaukin Turawan nan na bakin kogi. Rufinsa ya ruɓe, damina kuma ba ta jiran kowa. 'Yan unguwa suka ɗora mini tallata gidan don a samu kuɗin kwano, shi kuma aka ba shi makulli. Wallahi har yau in na tuna sai in ji gajiya a ƙafafuna.

Na ɗauki hotunan bangon da tsagewarsa da gansakukarsa, na watsa a waya. Abin ya karɓu, masu hoton kafin biki suka fara zuwa suna biya a ƙofa. Har wani mai hoto daga Abuja ya kama mana ranar Asabar sukutum. Na iso da safe da murnata, sai na tarar da gaban gidan fari fat, yana ɗaukar ido.

Mai hoton ya sauko daga mota ya ce, "Hajiya, ina tsohon ginin?"

Kawu ya ce, "Ga shi gabanka, wanka ya yi."

"Baba, wannan ai firamare ce!"

"Madalla. Sai ka shiga ka koyi gaisuwa."

Mutumin ko ruwa bai sha ba ya juya.

Waɗanda suka daure suka zo kuwa, ba su tsira ba. Da saurayi ya matso kusa da budurwa, sai ka ji muryar Kawu daga gindin mangwaro: "An ɗaura ne?" A ce saura wata guda. Sai ya taso ya dangwarar da bokitinsa a tsakaninsu. "To ku bar wa bokitin nan wuri." Akwai gidaje a Kinkinau da in ka shiga falonsu yau, a hoton da ke bango za ka ga ango, ka ga amarya, ka ga bokitin Kawu a tsakiya.

Ranar da na fashe ita ce ranar da motar 'yan makaranta ta zo daga Rigachikun, cike maƙil. Ina lissafin bandir ɗin kwano a zuci, Kawu ya wangale ƙofa ya ce su shige kyauta. "Wa ya taɓa biya don ya gaida kakansa?"

Na ce, "Haba Kawu! Ina tarawa kana zubarwa! Tsufan gidan nan shi ne hajarmu, shi mutane ke biya su gani!"

Sai ya ce, "Binta, in baƙi za su zo wurin ubanki, da tsumma za ki fito da shi don su ji tausayi?" Ya nuna ɗan ɗakin baya da haɓa. "Babana kuku ne a nan. A wancan ɗakin aka yanke mini cibi."

Ban sake yi masa faɗa ba. Haushi dai ban daina ji ba, gaskiya.

Abin da muka tara rabin rufi kawai ya isa. Na ce a fara da ɗakin baya, ya ƙi ƙememe. "Gaba baƙi ke gani. Ni na san hanyar ɗakina." Aka rufe gaba. Bai ga ruwan farko ba, ciwon kwana kaɗan ya tafi da shi. Da damina ta yi nisa ɗakin bayan ya rufta, ina tsaye da lema ina kallo, ba abin da na iya.

Har yanzu ina zuwa duk Asabar, ina murmushi ga baƙi, ina roƙo. Na gaji, Kawu, kuma ina kewar wanda zan yi wa faɗa. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba ka ɗakin da ruwa ba ya taɓawa, kusa da na babanka. Amin.