Baba Fayil Ba Ya Zama Gaban Manya

Shekara talatin da ɗaya Baba Fayil ya yi a ɗakin ajiye takardu na ma'aikatarsu, kuma bai taɓa zama ba in babba na magana. Ko a waya Darakta ya kira shi, tsam yake miƙewa ya gyara wuyan riga kafin ya ce, "Ranka ya daɗe."

Saura shekara guda ya yi ritaya aka ɓullo da kwas ta intanet, wai a koya wa ma'aikata tura fayil ta kwamfuta. Wanda bai samu takardar shaida ba, babu ƙarin girma. Shi kuwa Baba tun gashinsa na baƙi yake jiran matakin nan, don ba ya so ya bar aiki yana ƙaramin akawu.

Dokar kwas ɗin ɗaya ce: sai malamar da ke koyarwa daga hedikwata ta ga fuskarka take rubuta ka zo. Ka yi fashi biyar, an sallame ka.

To, Darakta ma ɗalibi ne, ga shi da shegen son tambaya. Yana buɗe baki Baba zai miƙe. Ita kuwa malama ba abin da take gani sai maɓalli uku da tumbi.

"Mai farar riga, ina fuskarka?" in ji malama.

"Tana sama, Malama."

Kwana huɗu ana rubuta bai zo ba, alhali shi ke riga kowa kunna kwamfuta. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mai buga takardu, wadda teburinta ke jikin nasa, ta ce, "Baba, don Allah ka zauna. Mutumin nan yana hawa na uku, bai ma san kana yi ba."

"Ni ai na san ina yi, 'yar nan."

Rana ta biyar ya kwaso tsofaffin fayilolin da aka ce kwamfuta ta raba su da aiki, ya jibga su kan tebur har ƙirjinsa, ya ɗora kwamfutar a kai. Fuska ta fito tar, malama ta rubuta ya zo. Sai dai yanzu in ya zauna ne zai ɓace, don haka kullum awa uku yake yi a tsaye ƙiƙam, har mako uku.

Ranar da Darakta ya sauko da takardar shaidar da kansa, gwiwoyin Baba suka ce atafau. Ya yunƙura sau biyu ya kasa, idonsa ya ciko.

Darakta ya dafa kafaɗarsa. "Yi zamanka, Baba. Kai ka buɗe mini fayil ranar da na kama aiki. Yau ni zan tsaya."

Baba ya karɓa da hannu biyu, a zaune, kunya kamar ta kashe shi.