Bakan Tiyo na Ubale

Tun da aka yi sunan nan na Okala, duk inda na ratsa a unguwarmu ta Nkembo, nan Libreville, sai in ji ana "Sarkin Tiyo, Sarkin Tiyo", har da waɗanda ko danƙo ba su taɓa harbawa ba. To ku saurara. Ubale taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Ni ce Allah ya ba ikon yi masa dariya, kuma ina yi tun muna yawo ba takalmi. Ku kuwa ban san wanda ya ba ku ba. Tun da dai bakinku ba zai mutu ba, gara ku ji yadda abin ya faru daga wajen wadda aka yi a gabanta, ba daga guntun bidiyon da ake turawa a waya ba.

An haifi Ubale a wani ƙauye na ƙasar Sumaila, a gidan maharba. Kakanmu maharbi ne, ubansa maharbi ne, yayansa Zakiru har yau yana shiga daji. Shi kuwa sau ɗaya aka taɓa fita da shi farauta, ya dawo da hula cike da kanya. Da ya kai shekara ashirin da biyu ya biyo jirgin ruwa ta Kalaba, yana amai tun daga can har Libreville. Ya yi tallan takalma a kasuwar Mont-Bouët, ya yi wa wani ɗan Togo mai gyaran famfo aiki, a nan ya koyi lanƙwasa tiyo da wuta, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa, butik kamar yadda ake cewa a nan, a Nkembo. Tiyon ruwa, kan famfo, gam, su ke nan. Shekara talatin da ɗaya bai canja sana'a ba, bai kuma ƙara ƙiba ba. Mutum ne kamar sillen kara, ba ya cuta, ba ya faɗa, aibinsa guda ne: ko kan famfo ɗaya ka zo saye sai ya gaya maka "mu jinin baka ne". Ni kuwa in ina wurin sai in ce, "Bawana, ban da sauro me ka taɓa kashewa?" Ya ce, "Baiwar gidanmu, je ki soya wainarki." Waina nake sayarwa a bakin layinsu, shi ya sa kullum muna tare kamar ƙaya da tsumma.

A gidansu akwai abin da ba a wasa da shi. In an haifi ɗa namiji, ranar suna da safe, bayan an raɗa suna, kakan yaron zai ɗana kibiya ya harba ta haye katangar gidan ta faɗi waje. In an yi haka, yaro ya shiga lissafin gidan baka, a kira shi in an yi taro, a tuna da shi in ana faɗin zuri'a. In ba a yi ba, ɗa ne dai, amma na uwarsa. Kuma sharaɗi ne bakan ya zama na kakan, ko gado ko aikin hannunsa, ba na aro ba. Ni ban ce addini ba ne, ban kuma ce dole ne kowa ya yarda ba. Na dai ce Ubale ya yarda, shi ke nan.

Bana Allah ya ba ɗansa Yusuf ɗa namiji, jikan Ubale na fari. Ranar Asabar aka haihu. Ranar Talata Ubale ya hau kujera ya zaro bakan ubansa daga cikin silin, inda ya ɓoye shi tun ranar sunan Yusuf ɗin, lokacin da tsohon ya zo da kansa ya harba ya bar masa. Yana jawo shi ya rabe gida uku a hannunsa. Gara ta gama da cikin, danshin garin nan ya gama da sauran. Matarsa Zubaida ta aiko aka kira ni, na tarar da shi zaune a ƙasa, garin katako har a gemunsa.

Kafin in zo ya riga ya kira Yaya Zakiru a waya. Amsar da ya samu ita ce ta ƙona mini rai. Wai, "Dama na sani. Wanda ya bar daji ya tafi sayar da roba, ina shi ina baka? Ku raɗa sunanku ku ci shinkafa, a bar maganar." Aiko wani daga gida ba zai yiwu a kwana huɗu ba, kuma ko ya yiwu na aro ne.

Na ce, "To ka sassaƙa sabo mana. Duk ƙasar nan itace ne."

Ya ce, "Larai, ɗanyen itace ba ya baka. Sai ya shekara yana bushewa."

Na ce, "To ka zauna ka yi ta kuka, ƙila hawayenka su busar da shi."

Bai kula ni ba. Ya miƙe ya zura takalmi ya nufi butik.

Washegari da hantsi ya zo ya tsaya mini a kai da tiyo a kafaɗa, wai in ara masa garwashi. Ta farko da ya gwada siririya ce, irin ta ruwan wanke-wanke, yana tanƙwara ta ta karye ƙas. Sai ya ɗauko mai kauri, ruwan toka, irin wadda ake jan ruwan famfo da ita. Ya auna daga ƙasa zuwa haɓarsa ya yanke da zarto. Ya nemi tsakiya ya sa alama, ya bar faɗin tafi ɗaya kowane gefe don wurin riƙo. Sannan ya riƙa juya ɓangare ɗaya a saman garwashina, ba ya bari ta taɓa wuta, yana juyawa yana juyawa kamar mai gasa masara, har ta yi laushi. Da sauri ya kwantar da ita a siminti, ya sa 'yan guntayen katako a gefen riƙo don kada nan ya baje, ya ɗora falanki ya hau. Nan fa aka ga iyakar mutum. Falankin ko gezau. Sai da ya ɗauko buhun siminti ya rungume sannan bakin ya baje, ya yi faɗi a ƙarshe, ya yi kauri wajen tsakiya. Ya yi wa ɗaya ɓangaren haka, ya tsaga ƙarshen biyu da zarto, ya murɗa igiyar masunta ta zama tsarkiya. Kibiya kuwa da gora ya fere ta.

Ƙaurin roba ya kori mini masu sayen waina uku. Na faɗa masa, na kuma faɗa wa duk layin. Amma gaskiya ɗaya ce, da ya ɗame bakan nan ya ja, na ga ya lanƙwasa ya koma daidai, ya saki tsarkiyar ta yi ƙara. Fuskarsa ta koma irin ta kawu, Allah ya jiƙansa. Ban gaya masa ba. Na ce, "Ba laifi, ko kaza ta gani za ta ɗan matsa."

Da a nan ya tsaya da ba ku sami abin faɗa ba. Amma jinin baka ya motsa. A gidansu ba a harba sabon baka sai an shafe shi da man shanu an rataye shi a saman murhu ya sha hayaƙi, don ya yi ƙwari, ƙwaro kuma ya ƙyale shi. Mutumin da ya shekara talatin yana gaya wa mutane kada su bi da tiyo kusa da wuta, shi ne ranar Juma'a da la'asar ya shiga taksi ya tafi Okala gidan Yusuf, ya shafe tiyo da man shanu tas, ya shiga rumfar kwanon da aka kafa don girkin suna, ya rataye shi a jikin azara. Bai gaya wa kowa ba, wai ba a nuna wa mata baka kafin ranarsa. Ni da na ba shi garwashi, ashe ba mace ba ce. Mu kuwa muka zo muka haɗa murhu uku na itace a ƙarƙashinsa, tukunyar shinkafa, ta nama, ta miya. Wa zai ɗaga kai ya kalli azara cikin wannan hayaƙi?

Ranar Asabar da safe maza suka cika tabarmi, liman ya yi addu'a, yaro ya ci suna Abdulkuddus. Yusuf ya kira Yaya Zakiru ta bidiyo ya jingina wayar a kan kujera, don tsohon ya ce sai ya gani da idonsa. Ina rumfa ina juya waina sai ga Ubale cikin babbar riga, ya taka turmi ya miƙa hannu sama. Abin da ya sauko da shi ba baka ba ne. Ya narke ya zubo ta gefe ɗaya, ya murɗe ta ɗayan, tsarkiya tana lilo, mai yana ɗiga. Kamar taliyar da aka manta a tukunya.

Matan rumfa suka fashe. Ni ma na buɗe baki, don rabona ne, shekara hamsin ina jiran irin wannan rana. Sai ya juyo ya dube ni. Ya ce a hankali, "Larai, yaron."

Na juya na ce wa matan, "Duk wadda ta sake yin dariya, ta zo ta karɓi tandar nan." Aka yi tsit. Na ce wa Zubaida, "Fitar da waina gaba ɗaya, da miya, da shayi. Ki ce liman ya ce a ci kafin komai." Liman bai ce ba, amma ban taɓa ganin limamin da ya ƙaryata waina ba.

Na ce, "Kai kuma, itace ne wannan?"

Ya ce, "A'a."

"Abin da wuta ta lanƙwasa, wuta ba ta miƙar da shi?"

Ya dube ni kamar yau ya fara jin maganar, shi da sana'arsa. Na janye tanda na baje garwashi. Ya kwance tsarkiya, na goge man da tsumma, ya tuɓe babbar riga ya shiga juyawa. Babu falanki, babu siminti. Muka kifa bencin da mata suke zama a kai, ya kwantar da tiyo ya daidaita shi da ido, ya ɗora bencin, ya dube ni.

Na ce, "Kada ka soma."

Ya ce, "Uwar ɗakina. Ranki ya daɗe."

Tun da aka haife shi bai taɓa kirana haka ba. Na tattare zanena na zauna. Ni ba ƙaramar mace ba ce, ban kuma taɓa ɓoyewa ba, abin da buhun siminti ya yi da ƙyar ni zama ɗaya na yi masa. Muka lulluɓa jiƙaƙƙen buhu don ya huce da wuri, muka juya ɗaya ɓangaren, na sake zama. Daga waje ina jin muryar Yaya Zakiru a waya yana cewa, "Wai ina maharbin ne? Ko ya tafi gyaran famfo?" Yusuf yana ta "Yana zuwa, Baba, alwala yake."

Bakan da ya fito bai kai na farko kyau ba. Gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, ga tabon ƙuna a wuya. Ubale ya mai da riga ya fita da shi haka nan. Mutane suka ga ruwan toka, har da rubutun kamfani a jiki, aka fara ƙus-ƙus. Shi bai kalli kowa ba. Ya tsaya tsakar gida ya fuskanci katangar baya, inda babu gida sai fili da ayaba, ya yi bisimilla, ya ja har kunne, ya saki. Kibiyar ta tashi tana ɗan rawa, ta haye katanga da kamar kamu ɗaya, muka ji ta cake a jikin ayaba.

Duk aka juya ga waya. Yaya Zakiru ya matso da fuskarsa har ba a ganin komai sai hanci.

"Da wane itace aka yi wannan?"

Ubale ya ce, "Tiyo ne, Yaya."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Da hannunka?"

"Da hannuna." Ya ɗan waiwayo rumfa. "Larai ta danna."

Tsohon ya ce, "A waje ta faɗi?" Yusuf ya ɗaga wayar sama da katanga ya nuna masa. Yaya Zakiru ya yi gyaran murya ya ce, "Kakanmu ma abin da dajinsa ya ba shi da shi ya yi. Ku ɗaga mini yaron in gani." Aka kawo jariri. Ya ce, "Abdulkuddus ɗan Yusufu ɗan Ubale, na gidan baka. Allah ya raya."

Ubale ya zauna a tabarma daɓas, ya ja hula ya rufe fuska. Wanda ya ɗauki bidiyon da kuke turawa lokacin yana ta cusa waina, shi ya sa bai samu wannan ba, sai narkakken tiyo da ni a kan benci. In kun ga Ubale a butik ku gaishe shi da sunansa, ku sayi kan famfonku, ku saurari labarin farautar har ƙarshe. Tsokana kuwa ku bar wa mai ita.