Dutsen Taimamar Baba

Akwai ranar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na wuni a kan moto, wato babur, da dutse a aljihu, ina neman mai gaya mini asalinsa. Wanda ya gan ni a lokacin cewa zai yi na taɓu.

Ƙauyenmu yana gefen Cadawa, ƙasar rairayi, inda sai ka nome gona guda ba ka tsinci dutsen jifar akuya ba. A shekarar, ciwo ya kwantar da mahaifinmu tun bayan girbi. Ruwa ko mai ɗumi ne, yana taɓa jikinsa sai makyarkyata, don haka ya koma taimama. Akwai wani dutse mai santsi, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, da kakanmu ya taho da shi daga ƙasar Katsina, shi aka ajiye masa a gefen shimfiɗa. Baba kuwa mutum ne da za ka taɓa masa komai ya haƙura, amma ban da salla.

Da bazara ta shigo, autarmu ta zo hutu daga makarantarta ta Maraɗi, baki cike da sabon karatu. Da safe tana zaune tana yi masa fifita, sai ta ɗauki dutsen tana juyawa.

"Baba, ka san wanga dutse naka wuta ce ta yi shi? An koya muna a lakol. Narkewa ya yi kamar dalma, sannan ya daskare."

"Mi kika ce? Ƙonanne ne?"

"I mana, Baba, ai cikin na wuta yake."

Ita a ganinta hira take yi masa. Mu kuwa tun muna yara mun haddace cewa ba a taimama da abin da aka gasa, irin jan bulo ko siminti. Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce a hankali, "Ke nan tun kaka ban yi salla ba."

Ya sa aka ɗebo masa rairayi a faifai, aka jingina shi da bango, ya fara ramuwa. Yana sallame wannan sai ya tayar da waccan. Inna ta dama fura ya kawar da kai, ya ce mai wannan kaya a wuya ba shi da lokacin ci. Mutumin da ko zama sai an tallabe shi! Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya wuni a haka ba lalle ya kai gobe ba. Ni da ma ba ni da sanyin zuciya, na harari auta har ta fashe da kuka, na sunkuci dutsen na fita.

Liman na fara samu a zaurensa. Ya saurare ni, ya auna dutsen a hannu, ya ce, "Hukuncin na sani, dutsen ne ban sani ba. In hannun mutum ya gasa shi, bai yi ba. In haka Allah ya halicce shi, ya yi. Nemo wanda ya san dutse."

Wanda ya san dutse a duk yankinmu malamin kimiyya ne na kwalejin Cadawa. Na je na tarar da makaranta a kulle, mai gadi ya ce ai hutu ake, mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, yana gida. A gidan aka ce ya tafi Gazawa. Na kama hanya rana na dukan ƙeyata, a raina ba abin da nake gani sai Baba yana tangaɗi a jikin bango. A Gazawa wannan ya ce yanzu ya wuce, wancan ya ce bai ma san shi ba, na zaga kasuwa har masu shago suka fara nuna ni. Can bayan azahar na same shi zaune a rumfar mai faci, ana lallaɓa masa taya.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba na miƙa masa dutsen. Ya jiƙa shi da ruwa, ya ɗaga shi a rana, ya karce shi da wuƙa bai karcu ba.

"Duwatsu kashi uku ne," ya ce. "Akwai wanda rairayi da laka ke kwantawa bisa juna a ƙarƙashin ruwa har su manne, shi za ka gan shi hawa-hawa. Akwai wanda nauyi da zafin ƙasa suka matse har ya sake kama. Sai irin wanga, da ya narke can cikin ƙasa ya huce sannu sannu. Ka ga ƙwayoyin nan? Sai an daɗe ana hucewa suke fitowa haka."

"Mushe, ni ba karatu na zo ɗauka ba. Ya ƙone ko bai ƙone ba?"

Ya so ya yi dariya, amma da na ba shi labarin tsohon sai fuskarsa ta canza. Ya bar motonsa a wurin mai faci ya hau bayana. Muka biya muka taho da liman, mu uku a kan moto ɗaya cikin rairayi, ina tuƙi ina addu'ar kada mu tarar da abin da nake tsoro.

Mun same shi har yanzu a jingine, leɓe ya bushe, muryar da ƙyar take fita. Auta na rakuɓe a bakin ƙofa idanu sun kumbura. Mushe ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara bayani tun daga kashi na farko. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Yaro, tambaya guda gare ni. Wa ya hura wutar?"

"Ba kowa, Baba. Cikin ƙasa take, tun ba a yi mutum ba. Ɗiyarka gaskiya ta faɗi, ba ta dai kai ƙarshe ba."

Baba ya juya ga liman. Liman ya ce, "To ai ƙasar Allah ce, Alhaji. Sallolinka na nan, ba ka da ramuwa."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Ya miƙa hannu aka ba shi dutsensa, ya yi taimama ya yi la'asar. Da ya sallame, ya kira auta ya ce ita za ta ba shi furar da hannunta, ya shanye ƙwaryar tas.

Baba ya rasu da daminar da ta biyo, hankalinsa kwance game da sallarsa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, gaskiyar da aka faɗa rabi tana iya kayar da mutum fiye da ƙarya. Shi ya sa in 'ya'yana suka dawo daga lakol da sabon zance, ba na hana su faɗa. Cewa nake su zauna su kai mini shi ƙarshe tukuna, kafin su shiga ɗakin Inna da shi.