Ranar da Aka Tambayi Kawu Halin Ɗan Sandan Ciki

Shekarar da maigidana ya nemi aikin fassara a wata hukumar tsaro ta gwamnatin ƙasar Turawan nan da muke zaune, an ce ya ba da sunayen mutanen da suka san shi, waɗanda za a je a tambaya halinsa. Ya sa kawunsa a kan gaba, don shi ya riƙe shi lokacin da ya zo garin Greensboro karatu. Ya ce zai sanar da shi ranar Juma'a a masallaci, sai ya manta.

Kawu a McLeansville yake zaune, kusa da Greensboro, a gida mai fili ta baya inda yake kiwon awaki. Ya daɗe yana tuƙa babbar mota kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, saboda haka Turanci a bakinsa har da na faɗan direbobi. Sai dai zamanin soja ya baro gida, kuma a can 'yan sandan ciki sun taɓa ɗauke shi daga teburin mai shayi don ya ce shinkafa ta yi tsada. Washegari suka sake shi. Tun daga nan duk wanda ya zo masa da jaka da katin shaida, to ɗan sandan ciki ne.

Ranar da mai binciken ya zo ina gidan, ina taya Hajiya, matar Kawu, yin dambun nama. Bature ne dogo mai furfura, ya yi gaisuwa ya nuna katinsa. Nan take Turancin Kawu ya ɓace.

"Amarya, zo ki ji abin da wannan yake so." Har yau haka yake kirana, da 'ya'yana da komai.

Na saurari baƙon, na mayar wa Kawu da bayani. Mutumin ya ba ni haƙuri, ya ce tunda ni ce matar wanda ake bincike a kansa, bai kamata in zauna ba. Na koma kicin. Ƙofar ba ta da kauri, ni da Hajiya muka rage wuta muka kasa kunne.

Aka faɗi sunan maigidana, aka tambayi Kawu ko ya san shi. Turancin ya ɗan dawo, daidai wanda zai isa ya ce bai taɓa jin sunan ba. Sai mutumin ya tambaya ko wane ne a hoton da ke bango, sanye da rigar kammala karatu, Kawu ya dafa kafaɗarsa. Kawu ya ce mutane suna kama da juna.

Hajiya ta ajiye cokali ta matsa jikin ƙofa. "Alhaji, aiki fa yaron nan yake nema. Ba kama shi aka zo yi ba."

Daga nan Kawu ya juya gaba ɗaya. Ya ce ya san maigidana tun yana zanin goyo. Bai taɓa yin ƙarya ba, bai taɓa yin fushi ba, bai taɓa wuce danja ba, ba shi da abokai, daga gida sai wurin aiki. Na zauna ina jin labarin wani waliyyi da ban taɓa haɗuwa da shi ba. Da aka zo kan ko yana hulɗa da mutanen ƙasashen waje, Kawu ya ce ko mutum ɗaya babu. Mai binciken ya ce ai maigidana da kansa ya ambaci mahaifiyarsa da ƙannensa a Zariya.

"Waɗannan ba 'yan ƙasar waje ba ne," in ji Kawu. "Mutanen gida ne."

Hajiya ta kai dambu da zoɓo. Baƙon ya yi godiya, ya ce ƙa'idar aiki ta hana shi karɓa, ruwa kawai ya sha. Bayan tafiyarsa Kawu ya tsaya yana kallon sawun takalminsa a kan kafet, kusa da inda yake shimfiɗa sallaya. Sannan ya kira maigidana ya wanke shi tas. Makonnin da suka biyo baya, in za a yi hira a gidan, sai ya fara kai wayarsa cikin mota ya rufe.

Wata ranar Asabar mun je gaishe su, wayar ta yi ƙara kafin a kai ta mota. Mace ce. Kawu ya saki muryar kowa ya ji. Ta ce daga ofishin da ke duba aikin masu bincike take kira, kuma tana so ta ji ko jami'insu ya zo da gaske, ko ya nuna katinsa, ko ya yi ladabi, ko ya yi wata tambaya da ba ta dace ba.

Kawu ya danne wayar da tafin hannu. "Tarko ne. So suke in aibata mutuminsu."

"Kawu, ba tarko ba ne," in ji maigidana. "A nan su ma akwai masu sa musu ido. Akwai babban sufeto da ke bin diddigin aikinsu, sannan majalisa tana da kwamiti da ke kiran shugabanninsu su zauna su amsa tambaya."

"Shugaban 'yan sandan ciki? A kira shi ya zo?"

"Ya zo, ya yi rantsuwa ma tukuna."

Kawu ya dube shi, ya dube ni. "Wato yanzu ni ake tambaya halin ɗan sandan ciki."

"Kai ake tambaya."

"Hajiya, miƙo mini hulata."

Sai da ya kafa hula ya gyara zama, sannan ya ɗage hannu daga kan wayar. Ban taɓa jin Turancinsa ya fita tsaf kamar na ranar ba. Ya tabbatar mata mutumin ya zo, ya nuna kati, ya yi gaisuwa. Amma akwai magana biyu. Ya shigo masa falo da takalmi. Kuma an kawo masa abinci a gidan dattijo ya ƙi ci, wanda ba a yi.

Mai kiran ta ce batun abinci doka ce ta hana shi. Kawu ya ce to a sake duba dokar. Ta ce batun takalmi kuwa, in yana so, za ta shigar da shi a matsayin ƙorafi.

"In kin shigar, me za a yi masa?"

Ta ce za a kira shi a ji ta bakinsa, kuma maganar za ta zauna a tarihin aikinsa.

Na ga Kawu yana murza gemu, fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ta ko mutumin yana da iyali, ta ce ba ta da izinin faɗa. Hajiya ta ce da Hausa, "Yana da su. Ya ce mini jikarsa tana son awaki."

"To a bar shi," Kawu ya ce wa mai kiran. "Na yafe masa. Ki dai gaya masa tsakaninku, gidan mutane ana cire takalmi." Har za ta yi sallama sai ya ƙara da cewa, "Ke kuma wa yake duba naki aikin?"

Ta yi dariya, ta ce wannan kiran ma ana naɗarsa, akwai waɗanda za su saurara. Kawu ya kusanto da bakinsa jikin wayar, ya gaishe su da kyau, ya yi musu sannu da aiki.

Maigidana ya samu aikin, amma da aka ce sai mun tashi daga Greensboro, ya duba makarantar yara ya haƙura. Kawu bai damu da wannan ba. Ya gano tashar da ake nuna zaman majalisa, kuma duk ranar da kwamitin ya kira shugabannin leƙen asiri, awaki sai su jira. Yana zaune yana gyara wa 'yan majalisa tambaya, yana cewa wancan ya yi sanyi da yawa, wannan ya bari an zille masa.

Labari ya zaga masallaci. Wata Juma'a wani Alhaji ɗan Nijar ya tare shi a wurin ajiye motoci, ya ce duk tafiyar da zai yi sai an ware shi a filin jirgi an zazzage masa kaya, ko Kawu zai yi masa magana a sama. Maigidana yana tsaye a wurin. Ya ce Kawu ya saurari mutumin har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ba shi haƙuri, ya ce na filin jirgi ba ɓangarensa ba ne, shi waɗanda suke zuwa gida yake dubawa.