Wasiƙa ta Goma Sha Ɗaya

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta yi shekara talatin tana buga tafireta a ofis, kuma har yau yatsunta ba su san an yi ritaya ba. Kuna zaune kuna hira, za ka ji suna ƙwanƙwasa hannun kujera. Ba ta iya zama, ba ta kuma barin na kusa da ita ya zauna. Ni ce 'yar gaban goshinta, wato ni ce ke shan wahalarta.

Wata safiya ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ki zo ki raka ni sayen firinta mai haɗe da sikana, abin nan mai ɗaukar hoton takarda. Mai ƙarko nake so, ba irin na yanzu da ake haihuwarsu da ciwo ba."

Da na je sai ta nuna mini dalili. Wasiƙu ne goma sha ɗaya a cikin wani tsohon fayil. Lokacin da aiki ya kai mijinta nesa, yakan rubuta mata da hannunsa ya turo ta faks, injin aika takarda ta layin waya, zuwa ofishin su Gwaggo, masinja ya yago ya kawo mata. Can ya rasu, bai dawo ba. Ita kuwa takardar faks mai santsin nan ba ta riƙe rubutu. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, wani layin ma sai an karkata shi wajen taga. Gwaggo na so ta ɗauki hoton rubutun ta buga a takardar kirki kafin ya gudu. Kuma a gida, don ta rantse ba za ta miƙa wa ɗan shago sirrinta ya karanta ba.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Wata bakwai muka yi.

A wajen Gwaggo, ƙarko nauyi ne. Tafiretarta ta ofis sai maza biyu ke ɗaga ta, kuma ba ta taɓa kwana wajen mai gyara ba. Saboda haka duk shagon da muka shiga sai ta ajiye jaka, ta tattare hannun riga, ta sungumi inji.

"Wannan ai kwando ne," in ji ta. "Ɗana, ba ku da wanda ya ci ya ƙoshi?"

"Mama, yanzu ba a auna su da nauyi," in ji mai shagon.

"Shi ya sa ba sa kai shekara."

Ta buɗe murfi ta rufe sau ashirin tana sauraren ƙararsa. Ta ƙi mai zuƙar takarda, wai zai haɗiye mata wasiƙa. Ta ƙi wanda tawadarsa ke bushewa in an yi sati ba a taɓa shi ba. Daga nan ta tare a shagon wani mai gyara kwana uku, tana ƙirga irin da aka fi kawowa jinya, har bawan Allah ya fara ajiye mata kujera.

Duk wannan lokacin rubutun yana ta dusashewa. Ran nan haƙurina ya ƙare.

"Gwaggo, wallahi garin neman gira za ki rasa ido. Ki sayi ko wanne mana!"

"Sauri ke haifar da nawa," ta ce, tana ɗaura ɗankwali. "Tashi, an ce akwai wani shago bayan tasha."

A can muka samu: mai shimfiɗaɗɗen gilashi, mai tankin tawada da ake ɗurawa, kayan gyaransa birjik a kasuwa. Ta ɗaga, ta yi nishi, fuskarta ta washe. Muka kawo shi gida da azahar.

Ina durƙushe a falo ina haɗa wayoyi, ta ɗauki fayil ta shige ɗaki. Gwaggo na da doka tun tana aiki: takarda ba ta hawa teburin manaja a yamutse. In ta lanƙwashe, sai ta bi ta da dutsen guga. Wasiƙa ta goma sha ɗaya, ta ƙarshen, ita ta fi yamutsewa, don ta daɗe a jakarta tana yawo da ita.

Sai na ji salati.

Na same ta tsaye, dutsen guga a hannu. Takardar ta miƙe sumul, kuma ta yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Takardar faks ba tawada ke rubutu a kanta ba, zafi ne. Na san haka, amma ban taɓa faɗa mata ba. Wata bakwai ina mita kan nauyi da tawada, abin da ya kamata in faɗa ban faɗa ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ta zauna a bakin gado. Ban taɓa ganin yatsunta sun tsaya cik ba sai ranar.

Can ta ce, "Ɗauki sauran. Kada ki miƙe ko ɗaya."

Na ɗora su ɗaya bayan ɗaya, da lanƙwasarsu da komai. Injin bai ba mu kunya ba. Na ƙara wa rubutun duhu a kwamfuta, sai ga hannun mijinta ya fito raɗau, har inda ya soke kalma ya sake. Tana karɓa tana jerawa a cinya, guda goma.

Na kai hannu zan kashe injin, sai ta miƙo mini baƙar takardar.

"Gwaggo, babu abin da zai fito."

"Ɗora ta," in ji ta. "Ni na san abin da ke ƙarƙashi."